Kwamfutar haɗi, laftof, PS5 ko Steam Deck: wanne ya dace da magidanci mai buga gem a Legas?

Wanda ya taso yana buga gem a kwamfuta, ya saba kwance ta ya ɗaure da hannunsa, aure da haihuwa ba sa raba shi da wannan sha'awa. Lokaci kawai suke rage masa, su kuma sa masa lissafi a kan kowace naira. Irinmu muna da yawa a Agege da Idi-Araba da Obalende: ma'aikatan banki, masu fiton kaya a Apapa, malaman makaranta, 'yan canji. Ranar da tsohuwar kwamfuta ta fara ja da baya sai a shiga ruɗu. Wannan ya ce haɗa sabuwa, wancan ya ce laftof ya fi, wani kuma ya ce ai ka girma da wannan wahala, sayi PS5 ka huta.

Bari in faɗi matsayata tun da wuri. A Legas ƙarfin katin hoto, wato sashen kwamfuta da ke zana hoton gem a allo, shi ne abu na uku da za ka duba. Wuta ce ta ɗaya, lokaci na biyu. Masu gwada kaya a YouTube daga Amurka da Ingila ba sa lissafin ɗauke wuta, ba sa raba dare a kan gadar Third Mainland, don haka shawararsu sai an tace ta kafin a sha.

## Abubuwan da za a auna da su

Wuta. Kafin ka tambayi kuɗin komai, ka san layinku yana wane rukuni. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya ya sauko wajen 209. Wannan adadi yana tsorata mutane, amma idan ka zauna ka buga lissafi za ka ga ba nan gizo ke saƙar ba. Kwamfutar da ke jan wat 300 har da monita, awa biyu kullum tsawon wata, yunit 18 ke nan, a kan naira 209 bai kai naira dubu huɗu ba. Abin da ke kashe kwamfuta shi ne ɗaukewa ba sallama, da dawowa da ƙarfi fiye da ƙima, da lokacin juyawa daga NEPA zuwa janareta. Kuma duk wat ɗin da ta ja, zafi yake komawa a cikin ɗakin. Wanda ya taɓa buga gem a ƙaramin ɗaki a watan Maris babu esi ya san zancen.

Lokaci. Mutumin da ya fita daga Agege bayan sallar asuba don ya riga cunkoso, ya dawo bayan isha'i, ya duba aikin makarantar yara, ya zauna da uwargida, abin da ke rage masa bai wuce minti arba'in zuwa awa ɗaya ba, shi ma ba kullum ba. To daga zamanka zuwa fara wasa minti nawa ne? Na'urar da ta tare ka da sabuntawa mai gigabait 20 ta cinye maka daren, komai kyan hotonta. Idan kuma jariri ya farka, za ka iya tsayar da wasan nan take, ka dawo daidai inda ka bari?

Kuɗi. Duk kayan nan da dala ake shigo da su. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana wajen 750 a hannun 'yan canji, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Katin dala 300 da ake lissafawa naira dubu 225 ya koma dubu 450 ba tare da an ƙara masa ko noti ɗaya ba. Shi ya sa zan riƙa kawo kuɗin da kamfani ya sa da dala ranar fitowa. Kai sai ka buga da canjin yau, ka ɗora dako da kwastan da ribar ɗan kasuwa. Kada ka manta da monita da UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, da hannun buga gem da data da gem ɗin kansa.

Ƙarko da gyara. Iskar Legas tana da laima, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba, a bakin teku kamar Lekki da Ajah kuma har da gishiri mai sa tsatsa a mahaɗai. Ƙurar hunturu ba ta kai ta Kano ba, amma idan ta gamu da laima sai ta kafe a jikin fanka. Abin dubawa shi ne idan abu ɗaya ya lalace, shi kaɗai za a canza ko duka za a jingine.

Sai haɗarin da ke cikin saye, da yadda na'urar za ta zauna a gida mai yara. Akwai kuma wanda ba ya shiga jadawali: daɗin haɗawar kanta. Ga wasunmu rabin sha'awar yana cikin sukundireba, kuma ba daidai ba ne a yi kamar wannan ba abin lissafi ba ne.

## Haɗa sabuwa fil

Nan zuciya take karkata. Misalin haɗi mai hankali shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Ryzen 5 7600 ta kamfanin AMD, wadda ta fito a Janairun 2023 a kan dala 229, a zaunar da ita a madabod, wato babban allon da ake jona komai a kai, mai mazaunin furosesa na AM5, da RAM, wato ma'adanar wucin gadi, na DDR5, da katin RTX 4060 ko RTX 5060, kowannensu dala 299 ranar fitowa. AMD ta ce za ta riƙe AM5 har 2027 zuwa sama, ma'ana nan gaba za ka iya canza furosesa kaɗai ka bar sauran. Wajen ƙarko babu na biyunsa, domin komai da kuruciyarsa kuma komai ana cire shi shi kaɗai.

Kuɗi ne ke karya gwiwa. Idan ka tara furosesa da kati da madabod da RAM da ma'adanar fayiloli ta SSD da akwatin wuta da kes, kana dab da dala dubu kafin ka taɓa monita. Tun ƙarshen 2025 kuma RAM ya yi tashin gwauron zabo, saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna wawashe abin da masana'antu ke fitarwa.

Garanti ma a yi hattara da shi. A jikin kwali za ka ga shekara biyu ko uku, amma kayan da aka shigo da su a jakar matafiyi daga Amurka, mayar da su aiki ne ja. A 2024 Intel ta amsa cewa wasu furosesocinta na zubi na 13 da 14 suna da matsala, ta ƙara musu garantin shekara biyu. Wanda ya amfana shi ne wanda ke da hanyar mayarwa. A Legas garantin gaskiya shi ne abin da mai shago ya rubuta a rasit ya sa hannu.

Manyan katuna kuwa ka ɗauke ido daga kansu, sai in kana da sola mai ƙarfi da esi. RTX 4090 yana jan wat 450, RTX 5090 mai dala 1,999 yana jan 575. RTX 4060 wat 115 ne kacal, kuma a garin nan wannan ƙarancin ci daraja ce babba, ko da masu gwaji a waje sun raina shi.

Duk kwamfutar tebur, sabuwa ko tsohuwa, UPS ɗinta cikin kuɗinta yake. Lambar da ke jikinsa tana yaudara: mai 650VA yawanci bai ɗaukar wat 400, don haka da an ɗauke wuta kana tsakiyar wasa sai ya yi ƙara ya mutu tare da kwamfutar. Nemi 1200VA zuwa 1500VA. Aikinsa ya ba ka 'yan mintunan ajiye wasa ka kashe, ko a tayar da janareta. In gidan yana da inbata mai fitar da wuta mai tsabta irin ta NEPA, ka huta da rabin wannan damuwa.

## Haɗin gambiza: tokunbo inda babu haɗari, sabo inda akwai

Wannan shi ne wanda na fi yarda da shi ga yawancinmu, kuma shi ya fi neman ido da haƙuri.

Tushensa AM4 ne, mazaunin furosesa da ya gabaci AM5, wanda ya fito tun 2016, kayansa kuma sun cika kasuwa. Ryzen 5 5600 ta 2022, dala 199 ranar fitowa, wat 65, a kan madabod B450 ko B550, da DDR4 gigabait 16, da katin RX 6600 mai wat 132 ko RTX 3060 mai wat 170 da ma'adanar gigabait 12. A monitar 1080p wannan haɗi zai buga kusan duk abin da magidanci ke da lokacin bugawa. In B450 ka samu, sa mai shago ya sabunta BIOS ɗinsa, wato manhajar da ke tayar da madabod, a gabanka, in ba haka ba yana iya ƙin gane furosesar, ka koma gida da baƙin allo.

Furosesa da RAM da kes da monita, tokunbo ɗinsu, wato waɗanda aka taɓa amfani da su, ba laifi. Furosesa da wuya ta mutu, sai dai ka ɗaga ta a haske ka duba ƙananan ƙafafunta, kada ɗaya ta lanƙwashe. Amma abu uku ban yarda a saye su na hannu ba: akwatin wuta, wato PSU, da SSD, da batirin UPS. Akwatin wuta shi ke karɓar duk haukan wutar gari, in ya tashi mutuwa kuma ba ya tafiya shi kaɗai, yana iya jan madabod da kati. Sayi wat 550 zuwa 650 mai shaidar 80 Plus Bronze daga kamfani sananne irin su Corsair ko Seasonic ko Cooler Master, a shagon da za ka iya komawa. A nan ne sayen na gari yake mayar da kuɗi gida.

Katin hoto shi ne wurin caca. A Satumbar 2022 aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katunan hoto, sai katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya, har namu. Ba dukansu ne matattu ba, amma fankokinsu sun gaji. RX 580 na 2017 da ake tallarsa da araha yawanci daga wannan zuri'a yake, ga shi yana jan wat 185. Akwai kuma na jabu, tsohon kati da aka sauya wa suna a cikin manhajarsa ya riƙa nuna kansa a matsayin babba.

Ga yadda ake yi a Computer Village, kasuwar kwamfuta da ke Ikeja. Tun daga ƙarƙashin gadar Ikeja samari za su fara tare ka, wannan ya ce Alhaji, wancan ya ce Malam, kowa yana da abin da kake nema. Gaishe su ka wuce, ka shiga titin Otigba ka nemi shago mai ƙofa da suna. Ka zo da filas mai ɗauke da manhajojin gwada kati, GPU-Z da FurMark. Kafin a jona, karɓi katin ka juya bayansa: notin nan huɗu na kewaye da tsakiya sun sha sukundireba? Akwai wurin da allon ya yi duhu kamar an gasa? Sunsuna shi, ƙauri ba ya ɓuya. Sai a jona, GPU-Z ya faɗi ainihin sunansa da girman ma'adanarsa, ka saki FurMark ka ja benci ka zauna minti ashirin. Abin da kake nema shi ne zafin ya hau ya tsaya ƙasa da digiri 85, fankoki duka suna juyawa ba karkarwa, allo ba ɗige-ɗige ba layi-layi. Gwada kowace kafar HDMI da DisplayPort. In mai shago ya ce babu wuta, ce masa za ka biya kuɗin man janareta. In ya sake kawo wani uzuri, miƙe. A rasit a rubuta lambar jikin katin da kwanakin garanti. Tura kuɗi ga wanda ka gani a intanet kafin ka gwada kuwa, cinikin biri a sama ne.

Akwai ƙanin wannan haɗi ga mai ƙaramin ƙarfi: tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk, a ƙara mata ƙaramin kati wanda ba ya neman wayar wuta ta daban, kamar GTX 1650 mai wat 75 ko RTX 3050 mai gigabait 6. Sharaɗi biyu ne. Sirarun kes ɗinsu gajeren kati kaɗai suke ɗauka, akwatin wutarsu kuma ƙarami ne mai mahaɗi na musamman, ba ya canzuwa da sauƙi. Sannan Microsoft ta janye tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana neman Intel zubi na 8 zuwa sama. OptiPlex 7060 ya shiga, 7050 bai shiga ba, duk da a ido kamar tagwaye suke.

Abin da wannan hanya ke ci shi ne Asabar ɗinka, wataƙila fiye da ɗaya. Amma tana biya ta wani gefen. Ranar haɗi nakan shimfiɗa kayan a teburin cin abinci, 'yata ta riƙe faranti da notina a ciki tana miƙo mini ɗaya-ɗaya. "Abba, wannan dogon ina zai shiga?" Sai in saita mata RAM a raminsa, in ce ta danna da manyan yatsu biyu har ta ji ƙas a kowane gefe. Yaron da ya ga cikin kwamfuta da idonsa ya daina jin tsoronta, kuma daga ranar ya san ba wurin ajiye kofin shayi ba ne.

## Laftof na gem

Babbar fa'idarsa a Legas ita ce ya zo da UPS ɗinsa a ciki. An ɗauke wuta, wasa bai mutu ba. Na'ura ɗaya ce kuma ga ofis ga gida, ba ta neman teburi, in an gama a naɗe a sa a saman wadirob inda hannun yaro ba ya kai. Ga mai ɗaki da falo wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lenovo LOQ da HP Victus da Acer Nitro da ASUS TUF su ne na masu matsakaicin ƙarfi.

Sai dai suna yana ruɗi. Nvidia ta bar masu ƙera laftof su saita RTX 4060 daga wat 35 har 115, don haka laftof biyu masu suna ɗaya a kwali suna iya bambanta nesa ba kusa ba. Tambayi wat ɗin katin kafin ka tambayi kuɗi. A kan batir kaɗai kuma ƙarfinsa raguwa yake, gem mai nauyi ya shanye shi cikin awa ɗaya ko kusa da haka.

Ƙarko ne rauninsa. Zafi duk a matse yake a wuri ɗaya, a garin da da ma zafi ne. Ana canza RAM da SSD, amma furosesa da kati a like suke da madabod, in ɗaya ya mutu gyaran yana iya kusan kuɗin wani laftof. Kada a ɗora shi a katifa, a ɗaga bayansa iska ta shiga, a buɗe a share fanka lokaci-lokaci. In tokunbo ne, duba ko batir ya kumbura ya ɗago wurin taɓawa, ka tabbata babu makulli a BIOS, ka rubuta powercfg /batteryreport a Windows ka ga abin da ya rage na batirin. Rasit dole ne, domin laftof na sata yana yawo, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ke kwana a ofishin 'yan sanda.

## PS5

Akwatin gem ne na Sony da ake jonawa da talabijin. Ya fito a Nuwambar 2020 a kan dala 499 mai faifai, kuma maimakon ya sauko, a Agustan 2025 Sony ta ƙara masa dala 50 a Amurka. Yana jan wajen wat 200. Wajen sauƙi ya wuce kowa: jona, kunna, buga. Shi ne kuma na jama'a, hannu biyu a falo ranar sallah, kai da ƙanin uwargida kuna fafatawa a gem ɗin ƙwallo na FC yara suna ihu. Mai faifai ya fi dacewa da mu, domin ana sayen faifai na hannu, ana musaya, data ma ta ɗan huta. Masoya GTA su lura: GTA V ya fito a na'urorin falo a Satumbar 2013, bai iso kwamfuta ba sai Afrilun 2015, GTA VI ma a kan PS5 da Xbox aka sanar da shi. Wannan gem na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, ba na falo a gaban yara ba.

Nakasunsa a bayyane suke. Talabijin ɗaya ce a gida, kuma ba kai kaɗai ke da ita ba. Yawancin wasan intanet sai da kuɗin PlayStation Plus, Najeriya kuma ba ta cikin ƙasashen shagonsu, sai a buɗe asusun Amurka ko Ingila a riƙa sayen kati da dala ko fam. In aka ɗauke wuta yana cikin barci yana iya farkawa da gyaran ma'adana, don haka shi ma yana son UPS. Ba a aikin ofis da shi, ba a koya wa yaro rubuta manhaja a kansa, abin da za ka kwance ka ɗaure kuma bai wuce ƙara SSD ba. Mai ƙaiƙayin hannu zai gundura.

## Steam Deck da 'yan uwansa

Kwamfuta ce ta riƙewa a hannu, Valve ta fitar da ita a Fabrairun 2022 daga dala 399, mai allon OLED ya biyo a Nuwambar 2023 daga dala 549. Cajarsa wat 45 ce, ma'ana ƙaramar sola ko fawa banki mai ƙarfi ya ishe shi. A ma'aunin lokaci babu kamarsa: danna maɓalli ɗaya ya yi barci a tsakiyar wasa, gobe ka danna ka ci gaba daga wurin cikin daƙiƙu. Ga uban da ke jijjiga jariri da dare, ko mai jiran yara a mota a ƙofar Islamiyya, wannan ya fi kowane kati daraja. Yawancin gem ɗin da ka tara a Steam, shagon gem na Valve, tsawon shekaru kuma suna nan suna jiranka.

Amma allonsa 1280 da 800 ne, sababbin gem masu nauyi sai an sauke musu kyau sosai. Yana tafiya a kan Linux, don haka FC da Call of Duty da Fortnite ba sa tashi saboda manhajar hana maguɗi. Wanda ƙwallo ce rayuwarsa sai ya duba ASUS ROG Ally ko Lenovo Legion Go masu Windows, duk da barcinsu da farkawarsu bai kai na Deck santsi ba. Valve ba ta sayarwa kai tsaye a Najeriya, kayan gyara sai an yi oda. Kuma kada a fito da shi a danfo a cunkoson Oshodi.

## A jadawali

| | Sabon haɗi | Haɗin gambiza | Laftof | PS5 | Steam Deck |
|---|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farko | mafi yawa | ƙasa zuwa matsakaici | mai yawa | matsakaici | matsakaici |
| Cin wuta a wasa | wajen wat 300 | wat 250 zuwa 300 | wat 100 zuwa 200 | wajen wat 200, ban da talabijin | ƙasa da wat 45 |
| In an ɗauke wuta | sai UPS | sai UPS | batir ya riƙe | sai UPS | ko a jikinsa |
| Gyara | ɗaya-ɗaya | ɗaya-ɗaya | mai tsada | sai ƙwararre | kaya sai oda |
| Haɗarin saye | kaɗan | babba in ba a gwada ba | matsakaici | kaɗan in sabo ne | matsakaici |
| Aikin ofis da karatu | sosai | sosai | sosai | babu | da ƙyar |
| Daɗin haɗawa | cikakke | cikakke | kaɗan | babu | kaɗan |

## Data da kuɗin gem

Wannan ramin yana cin kowa. Red Dead Redemption 2 kaɗai yana neman gigabait 150 a kwamfuta, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. In ba ka da intanet na kebul a gida ko Starlink, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, nemi abokin da ke da shi, ka kai SSD ka kwafo, Steam zai gane fayilolin muddin ka mallaki gem ɗin. Ka kuma hana shi sabuntawa da kansa, ka sa ya yi lokacin da ka zaɓa.

A nan kwamfuta da Deck suka yi wa PS5 fintinkau: ba a biyan kuɗin wata don wasan intanet, Steam yana zabga rangwame sau da dama a shekara, shagon gem na Epic yana ba da gem kyauta duk mako. In ka saya bai yi maka ba, Steam yana mayar da kuɗi cikin kwana 14 muddin ba ka buga awa biyu ba. Tsarinsa na iyali da ya fito a 2024 yana ɗaukar mutum shida, kai ke zaɓar abin da yaro zai gani da awannin da zai yi.

## Wa ya dace da me

In kana rukunin A ko kana da inbata, kana da lungun da za ka kafa teburi, hannunka kuma yana ƙaiƙayin sukundireba, yi haɗin gambiza a kan AM4. Sayi akwatin wuta da UPS tukuna, abin da ya rage shi zai faɗa maka katin da za ka ɗauka. In kuɗi sun zauna kuma kana son abin da za ka riƙa ƙara wa ƙarfi shekaru masu zuwa, hau AM5 da sabon kaya, amma tsaya a kati mai ƙarancin ci.

Wanda kuɗin makarantar yara ya sha masa kai, tsofaffin gem da ƙwallo kuma sun ishe shi, OptiPlex mai zubi na 8 da ƙaramin kati zai riƙe shi, da rana yara su yi aikin makaranta a kai.

Mai ɗaki da falo, ko wanda aiki ke kai shi Abuja da Kano, ko wanda dole na'ura ɗaya ta yi masa ofis da wasa, laftof ne nasa, da sharaɗin ya tambayi wat ɗin katin ya kuma ware kuɗin gyara a gefe.

In abin da kake so shi ne ƙwallo da yara da baƙi a falo, kuma ba ka da sauran haƙurin neman dalilin baƙin allo da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ɗauki PS5 mai faifai da hannu biyu da UPS.

Wanda kuwa layinsu ke kwana biyu ba wuta, ga jariri a gida, ga tarin gem a Steam da ya yi shekaru bai taɓa ba, ya sayi Steam Deck yanzu. Tsohuwar kwamfutar kada ya sayar da ita: ya share mata ƙura, ya canza man furosesa, ya ajiye kes da monita, ya riƙa tara kayan haɗi ɗaya bayan ɗaya, yana farawa da akwatin wuta, ya bar katin hoto sai ƙarshe lokacin da zai iya gwada shi a kan nasa madabod.